Darasi na Tara: Wayar Salula da Na'urar Daidaita Bugun Zuciya

Akwai mutanen da zuciyarsu ke bugawa a hankali fiye da kima, har jiri ya riƙa ɗibar su, wani lokaci su suma. Likitoci kan dasa wa irin waɗannan wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, a saman ƙirji kusa da kafaɗa, galibi ta hagu. Girmanta bai wuce na akwatin ashana ba. Tana da batiri da siraran wayoyin lantarki da suka shiga cikin zuciya. Aikinta sauraro: in bugu ya yi jinkiri, sai ta aika ɗan lantarki ta zaburar da zuciyar. An fara dasa ta a jikin mutum a ƙasar Suwidin, a 1958.

To, ina ruwan waya da wannan? Hanya biyu ce. Ta farko, siginar da waya ke fitarwa tana iya rikita na'urar, ta ɗauka zuciya ce ta buga alhali ba ta buga ba, sai ta ƙi yin aikinta. Ta biyu ita ce mayen ƙarfe, wato maganaɗisu. An ƙera na'urar ta yadda in likita ya ɗora mata mayen ƙarfe za ta sauya salon aiki, don ya gwada ta. Wasu wayoyin zamani, kamar iPhone 12 da ta fito a 2020, suna da mayen ƙarfe mai ƙarfi a bayansu. In suka manne da ƙirji, na'urar ba ta bambance su da na likita. Shi ya sa a 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ja kunnen jama'a: a bar tazarar santimita 15 tsakanin waya da na'urar. Tsawon biro ke nan, ko rabin rular 'yan makaranta.

Abin da ya fi damuna shi ne aljihun gaban riga. Tela kan ɗinka shi a hagu, daidai kan na'urar, kuma nan magidanta suka fi jefa waya. Mata ma sukan soke ta cikin rigar mama in hannu ya cika. Wanda aka dasa wa na'ura ya daina wannan. Ya sa wayar a aljihun gefe ko a jaka, ya amsa kira da kunnen ɗaya ɓangaren, kuma kada ya yi barci da ita a kan ƙirji.

Ba a ce ka rabu da waya ba. Rikicewar ba ta cika faruwa ba, kuma da zarar an janye wayar, na'urar kan koma daidai. In ka ji jiri ko faɗuwar gaba, nisanta wayar, ka zauna. In bai lafa ba, a kai ka asibiti tare da katin da ke ɗauke da bayanin na'urar.

Tambayoyi
1. A wane ɓangaren ƙirji aka fi dasa na'urar?
2. Santimita nawa za a bari tsakaninta da waya?

Aiki: Ɗauki biro, ka auna daga aljihun gaban rigarka zuwa saman ƙirjinka na hagu. Rubuta abin da ka gani.