Yadda Za A Kai Yara Tafkin Kware Da Madatsar Goronyo

Tun jajibiri maigida ya kai mota wurin makanike a duba birki, tayoyi da ruwan lagireto, domin zafin Sakkwato ba ya raga wa inji. Ya kuma tambayi direbobin tasha lafiyar hanya. In sun ce a dakata, to a dakata.

Uwargida ta ɗaura fura, dabino da ruwa mai yawa.

Ku tashi bayan sallar asuba, yara a kujerar baya, ƙofofi a kulle. Ku fara da Kware tun rana ba ta yi zafi ba. Daga nan sai Wurno, ku nuna musu tuddan garin da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837.

A Goronyo, bakin kogin Rima, kada hannun ƙaramin yaro ya bar naku ko na ƙiftawar ido. Ku juyo gida kafin la'asar.