Idan an ce za a yi wa majinyacinka wankin ƙoda na dare da rana

Wankin da muka saba gani a Kano awa 4 ne, sau 3 a sati. Wannan kuwa, wanda likitoci ke ce wa CRRT, injin yana tace jini ne a hankali awa 24 ba tsayawa, don wanda awon jininsa (BP) ya yi ƙasa sosai a ɗakin kulawa ta musamman (ICU) ba zai jure wankin sauri ba.

To da farko ka tambayi likita ko suna da injin da kayansa, da nawa ne kuɗin kowace rana, don matatar jinin da ke jikin injin ba ta wuce awa 72 sai an canza, wani lokacin ma jini ya daskare a ciki tun kafin nan. Za a sa masa bututu a jijiyar wuya ko ta matsematsi, don Allah in kun shiga dubiya kar a taɓa, kar a juya majinyacin sai da nas. Injin zai ta ƙara, kar hankalinka ya tashi, kira nas kawai.

Sannan batun jiƙo da rubutu da Hajiya za ta aiko a gora, a ajiye tukuna, duk ruwan da ya shiga jikinsa aunawa ake. In ya taɓa zubar jini ko yana shan maganin tsinka jini, a faɗa tun farko.