Yadda ake haɗa modul mai raba wuta a kan batirin sola ba tare da ka ƙona kayan mutane ba

'Yan uwa masu harkar sola, wannan ƙaramin modul ɗin da muke sawa ya sauko da wutar batir 48V zuwa 5V ko 12V, wanda ke da 'yar taransifoma a cikinshi da ke raba ɓangaren batir da ɓangaren fita, kusan kowane sati sai wani yaro ya kawo man shago nan Ƙofar Ƙaura a Katsina ya ce oga ba shi da kyau, in na duba kuma modul lafiyarshi ƙalau, haɗin ne ya kashe aikin.

Fara da zaɓe. Batirin lithiyum 48V mai sel 16 in ya cika yana kai 58.4V, don haka ka nemi wanda aka rubuta 18 zuwa 75V a jikinshi, na 24V kuma 9 zuwa 36V. Ni dai ba na sayen wanda ba zan iya samun takardar bayaninshi a intanet ba, ko da rabin kuɗi ne a Sabon Gari, don kuɗin mota zuwa ƙauye sau biyu ya fi bambancin.

Sai ƙofar shiga. Yawancinsu ba su da kariyar juya waya, ka sa ja a wurin baƙi sau ɗaya shi ke nan, to sa dayod a layin fozitif. Fis kuma ka lissafa shi da mafi ƙarancin wuta: modul mai wat 10 a kan 18V zai ja kusan 0.65A in ka haɗa da wutar da yake ɓatawa a cikinshi, ka ninka biyu, ka sa na 1.5A mai jinkirin tsinkewa. Don Allah a daina sa fis ɗin mota, na 32V ne, a kan 58V yana iya tsinkewa wuta ta ci gaba da tsallakawa. Ƙara dayod ɗin TVS, mai danne wuta in ta yi tsalle kwatsam, kamar SMBJ60A bayan fis, da kafasita mai 100V kusa da ƙafafun in wayar batir na da tsawo.

Yanzu wurin da ni kaina na sha kashi. Modul ɗin yana da nagetif biyu, na shiga da na fita, kuma kuɗin da ka biya duka na rabuwar waɗannan biyun ne. Wata shekara na yi wani akwatin lura da batir na rijiyar burtsatse a wani ƙauye hanyar Dutsin-Ma, yana magana da infata ta wayar sadarwa ta RS485, na zo auna batir sai na sa rasisto biyu na rage wutar na kai ma Arduino, ƙaramin bod ɗin da ke sarrafa akwatin, karatu ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai kawai na ɗauko guntun waya na haɗe nagetif ɗin nan biyu da solda, karatu ya zauna, na rufe akwati na tafi ina jin daɗi. Ba a yi sati biyu ba mai unguwa ya kira ni. Da na buɗe, warin ƙuna ya fara tarbata, 'yar siririyar wayar gindi, wato ta nagetif, ta RS485 ta narke ta manne da 'yar uwarta, ƙofar sadarwar infata ta mutu. Abin da ya faru, duk sanda famfo ya tashi infata na jan wuta mai yawa, babbar wayar nagetif tana da ɗan sakaci a bakin kusa, to wani kaso na wutar sai ya bi gajeriyar hanyar da na buɗe mashi da hannuna. Na biya gyara daga aljihuna, mata suka koma jan guga kwana huɗu, wannan ya fi kuɗin ci man rai.

To ka kiyaye, duk abin da zai tsallaka daga ɓangaren batir zuwa ɗaya ɓangaren sai ya bi ta na'ura mai rabawa, PC817 in kunnawa da kashewa ne kawai, ADUM1201 in bayanai ne. Kafin ka ba da wuta, cire wayar infata, sa mita a kan ƙara, wato wurin da take kuka in waya biyu na haɗe, taɓa nagetif ɗin biyu. In ta yi kuka akwai gada, nemo ta, wani lokaci kusar da ta ɗaure bod da akwatin ƙarfe ce, wani lokaci wayar USB ta laftof ɗin da ke jone da caja. Ƙarƙashin modul ka bar fili, kar layin jan ƙarfe ya ratsa, kuma ka fesa maganin rufe bod don ƙurar hunturu in ta taru ta sha raɓa ita ma gada ce.

Wannan 1500V na ƙarfin rabawa da ake rubutawa a takardar modul kuwa gwaji ne na ɗan lokaci a masana'anta, kar ka ɗauka izini ne na jona shi da wutar gida ko layin fanel mai 400V.

Ɓangaren fita ba wuya. In ka ga yana kawowa yana ɗaukewa kamar mai shaƙuwa, kariyar lodi ce ke aiki, ko akwai shot ko ka cika mashi kafasita fiye da abin da takarda ta yarda, masu SIM800L, ƙaramin bod ɗin da ake sa ma layin waya, su ne ke yawan yin haka tunda yana fizgar har 2A. Ƙananan irin B0505S masu wat ɗaya kuma ba su son zama ba lodi, wutar tana hawa sama da 5V, rasisto 220 ohm tsakanin ƙafafun fita ya isa.

Zafi, ku kun san Afrilun Katsina, waje ya wuce 40 balle cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin kwano. Ni ba na ɗora ma modul fiye da kashi 60 cikin 100 na ƙarfinshi, kuma kar a manna shi kusa da caja kwantirola, a huda akwatin ta ƙasa a sa raga saboda ƙadangaru da zanzaro.