Yadda nake ƙera murhun gashin hayaƙi mai taya

Sana'ata walda ce a Yauri, kuma yawancin masu kawo mini aiki masunta ne da mahauta. Murhun da zan yi bayani a kai ya bambanta da na mai tsire, ya kuma bambanta da gangar banda da matanmu suke ɗora raga a kanta a bakin Neja. A nan wuta tana da ɗakinta daban a gefe, nama ko kifi yana cikin babban tanki, zafi da hayaƙi ne kawai ke ratsawa su same shi su fice ta bututu. Harshen wuta ba ya taɓa naman, don haka ba ya ƙonewa a waje ciki ɗanye. A jihar Texas ta Amurka aka fi sanin wannan ƙira, inda masu walda ke yin ta da manyan bututan mai da tsofaffin tankunan gas.

Fara da neman tanki. Wanda na fi so shi ne mai tsawon santimita 150 da faɗin 60, kaurin ƙarfensa milimita 5 ko 6. Duro mai lita 200 yana da araha, amma ƙarfensa bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, iskar hunturu na kaɗawa zafin ya gudu, ka yi ta cusa itace a banza. Ƙarfe mai kauri yana jinkirin ɗaukar zafi, amma in ya ɗauka ya riƙe. Kada ka sayi tankin da aka taɓa zuba maganin feshi ko sinadari a ciki, ko da kyauta aka ba ka. Haka ƙarfen da aka yi wa rufin zinki, irin farin bututun ruwa, hayaƙinsa guba ne ga mai walda da mai ci.

In tankin gas ne ko na mai, don Allah ka saurare ni a nan. Tankin da ake cewa babu komai a ciki shi ne ke kashe mutane, domin tururin da ya rage shi ke fashewa. Kwance bawul ɗin da sifana, ba da wuta ba, ka cika shi da ruwa da garin sabulu har ya tumbatsa, ka bar shi ya kwana biyu, ka zubar, ka sake cikawa. Yankan farko ka yi shi ruwan na ciki. Yaron shago da ya ce maka "Oga, ai ba ya wari", kada ka biye masa.

Zana ƙofa da alli a gefen tankin, daga kusan tsakiyar sama zuwa tsakiyar ciki. Yanka layin sama kaɗai tukuna, ka walda hinji a kai, sannan ka ƙarasa sauran ɓangarorin uku. In ka yanke ta gaba ɗaya kafin hinji, ƙarfen zai ɗan buɗe, ƙofar ba za ta koma mazauninta daidai ba. Bi gefunanta da falalen ƙarfe mai faɗin santimita 4 don ya rufe tsagar. Waldar nan a yi ta ɗigo-ɗigo ana bari tana hucewa, zafi mai yawa yana murɗe ƙofa. Hannun buɗewa kuwa a sa masa itace.

Yanzu ɗakin wuta, wanda shi ne ran aikin. Ƙa'idar da maƙera wannan murhu ke bi ita ce ya kai kashi ɗaya cikin uku na cikin babban tankin. Tankin da na ambata yana cin lita 420 da ɗoriya, don haka akwati mai 50 da 50 da 55 ya wadatar. A nan ne ba na yarda a yi rowar ƙarfe, milimita 6 ko fiye, tunda shi ke shan wuta kullum. Ana manna shi a ƙarshen tanki, ƙasa-ƙasa, a yanka kafa mai siffar rabin wata tsakaninsu, bakinta na sama ya tsaya ƙasa da inda ragar nama za ta zauna. A cikin akwatin sa raga mai ƙarfi da ta ɗaga daga ƙasa kamar santimita 10, don iska ta shiga ta ƙarƙashin itace toka ta zube. A jikin ƙofarsa yi kafar iska mai murfin ja, da ita za ka riƙa ƙara wuta ko rage ta.

Bututun hayaƙi yana ɗaya ƙarshen, mai faɗin inci 5 ko 6, tsawonsa kusan mita ɗaya. Mutane da yawa suna huda shi a saman tanki saboda ya fi sauƙi, sai zafi ya bi ta rufi ya fice bai gaisa da nama ba. Huda shi daidai tsayin raga. Bututun shi ke jan iska tun daga ƙofar wuta, in ya yi siriri ko gajere hayaƙi ya tsaya a ciki, naman ya yi ɗaci da baƙi. Ma'aunin zafi ma a daidai raga za a ɗaura shi. A ƙasan tankin, wajen bututu, huda 'yar kafa ta zubar kitse, ka kuma walda ɗan shinge a bakin kafar wuta don kada kitse ya gangara ya kama.

Amalanken da za a ɗora murhun a kai ba wuya. Firem na angil (ƙarfe mai kusurwa) mai kauri, aksil da sifirin na tsohuwar ƙaramar mota, tayoyi biyu. Ɗakin wuta ya koma baya, nesa da taya da kuma motar da za ta ja. Tunda yana da nauyi, matsa aksil ɗin baya kaɗan har kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ya sauka a kan maɗaurin gaba, in ba haka ba zai riƙa wutsil-wutsil a hanyar Koko ko Jega. Sa sarƙar tsaro, fitilun baya, da ƙafar tokarewa. Ba a jan shi da garwashi a ciki.

Kafin nama ya shiga, hura babbar wuta na 'yan sa'o'i ta cinye tsohon fenti da datti, ka goge, ka shafe cikin da man gyaɗa, ka sake hura wuta har ya yi baƙi mai sheƙi. Wajen kuma fenti mai jure zafi.

Itace busasshe kawai. Kirya ce zaɓina, garwashinta na daɗewa, kuma dangi ɗaya suke da itacen mesquite da mutanen Texas ke gashi da shi. Marke da mangwaro ma suna yi. Dogon yaro yana sa ɗaci, tumfafiya da katako mai fenti kuwa ko kusa. Ƙaramar wuta mai ci sosai ake so, hayaƙinta siriri mai ɗan shuɗi. In ka ga fari mai kauri yana tuƙuƙi, iska ta yi kaɗan, buɗe kafar iskar. Riƙe zafin tsakanin digiri 110 da 135 a ma'aunin Celsius. Cinyar rago ko ƙirjin sa yakan ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ya yi laushi, sai cikinsa ya kai wajen digiri 93. Tarwaɗa da karfasa sun nuna in cikinsu ya kai 63, amma in banda ce ta ajiya ko ta kai wa kasuwa, rage wutar ka bar su su ci gaba da bushewa, kana sauya wa na kusa da wuta wuri da na wajen bututu.