Yadda Ake Tsallaka Iyakar Najeriya da Nijar ta Ƙofar Hukuma

Mutumin Katsina da ke da 'yan'uwa a Maraɗi, ko ɗan Illela da ke cin kasuwar Birnin Ƙonni, yakan yi wa iyaka kallon layin da Turawa suka zana a tsakiyar gida ɗaya, kuma yana da gaskiyarsa. Sai dai zumunci ba ya zama takarda a gaban jami'in shige da fice, musamman a shekarun nan da rashin tsaro ya sa kowace ƙasa ta ƙara sa ido. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agustan 2019, ba ta fara buɗe su ba sai Disamban 2020, sannan aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024.

Shiri yana farawa ne tun daga gida, da takardar tafiya. Yarjejeniyar ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasa ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, matuƙar yana riƙe da ingantacciyar takardar tafiya da shaidar rigakafi. Nijar ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, kuma ko da yake ECOWAS ta ce za a ci gaba da zirga-zirga kamar da kafin a yanke wani hukunci, shawarata ita ce matafiyi ya nemi cikakken fasfo, kada ya dogara da ƙaramar takardar ECOWAS kaɗai. Hukumar Shige da Fice ta Najeriya tana bayar da mai shafi 32 na shekara 5 da mai shafi 64 na shekara 10, kuma ba a yi sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. A tabbatar suna da ranar haihuwa sun zo daidai a fasfon da takardar NIN, domin harafi ɗaya idan ya saɓa yakan jawo jinkirin makonni.

Katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda aka fi sani da katin nan mai ruwan ɗorawa, shi ne abin da mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka ba abin da za a nema ba ne ana jibi tafiya. Allura ɗaya ta isa har tsawon rayuwa. Sayen katin ba tare da allura ba cutar kai ce, domin sauro ba ya duba takarda.

Idan an iso iyaka, a bi ta mashigar da hukuma ta amince da ita, kamar Illela, Jibiya, Kongolam, Maigatari ko Kamba. A sauka daga mota, a miƙa fasfo da hannu, a tsaya har a buga hatimin fita a ɓangaren Najeriya da na shiga a ɓangaren Nijar, sannan a buɗe shafin a duba kwanan watan kafin a bar wurin. Masu babur za su kewaye mutum suna cewa za su zagaya da shi ta daji cikin minti kaɗan, kuma a nan ne da yawa suke faɗawa. Na taɓa shiga mota ɗaya da wani dattijo da ya bi irin wannan hanya, fasfonsa sabo fil a aljihu, amma da aka tsayar da mu a wani shinge can gaba aka buɗe shi babu hatimi ko ɗaya. Muka bar shi zaune a kan benci yana juya hularsa, jikarsa tana riƙe da ƙullin kayan biki. Har yau abin yana damuna, domin ba mugun mutum ba ne. Hanyar da ya bi ce ta masu fasa-ƙwauri da masu safarar makamai, kuma jami'i ba shi da yadda zai bambance su.

Mai tafiya da kaya ya bayyana su ga kwastam, waɗanda mutanen Nijar ke kira duwan, kuma duk kuɗin da ya biya ya karɓi rasit. Mai mota ya riƙe takardun mallaka, lasisin tuƙi da inshorar da ke aiki a ƙasashen biyu, ya kuma karɓi takardar izinin shigar da motar na ɗan lokaci. Wanda ke tare da yara ya ɗauki takardun haihuwarsu, domin jami'ai suna tsananta tambaya a kansu saboda safarar mutane, kuma ina ganin sun kyauta.

Kafin a kama hanya a leƙa tasha a tambayi direbobin da suka dawo jiya halin da mashigar take ciki. Wanda kuma zamansa zai wuce kwana 90 ya nemi izinin zama daga hukumar ƙasar tun wa'adin bai cika ba, kuma ranar dawowa ya sake tsayawa a buga masa hatimi a ɓangarorin biyu.