Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Rainon Ɗan Kwikwiyo, da Yadda Za a Gyara Su

Ɗan kwikwiyon da na fara yin rainonsa na zalunce shi ba da sanina ba, kuma akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba. Na dawo gida da yamma na tarar ya yi kaca-kaca da takalmina. Na ɗauko takalmin na nufo shi ina faɗa. Ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya lafe a ƙasa, sai ga fitsari yana bin cinyarsa. A raina na ce ai ya san abin da ya yi. Ashe bai sani ba. Tun safe ya gama da takalmin ya manta. Abin da ya gani kawai shi ne, mutumin da ya wuni yana ɗokin dawowarsa ya shigo da fushi. Bayan wannan rana, sai da ya yi kwanaki in ya ji motsina a ƙofa yana neman lungu maimakon ya rugo.

Wannan shi ne babban kuskure, kuma yawancin sauran daga jikinsa suke fitowa: muna kallon jariri kamar babban da ya san daidai ya ƙi yi da gangan. A 2009 wata mai nazarin halayyar karnuka a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan fuskar da muke kira ta mai laifi. Aka ajiye wa karnuka abin ci, masu su suka hana su taɓawa suka fita. Da suka dawo sai a ce musu karen ya ci ko bai ci ba, wani lokacin kuma ba gaskiya ake faɗa musu ba. Karnukan da aka yi wa faɗa sun sunkuyar da kai sun lafe, ko sun ci ko ba su ci ba. Faɗan ne ke kawo fuskar. Kare yana haɗa abin da ya yi da abin da ya biyo baya ne cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ba ka kama shi yana cikin yi ba, to lokaci ya wuce: share wurin, ɗauke takalmanka sama, gobe ka bar masa abin da ya halatta ya tauna.

Wani kuskuren tun kafin ya iso gida ake yin sa, wato raba shi da uwarsa da wuri. Da an ga ya fara lasar abinci a mako na huɗu sai a ce ya isa yaye. Cikinsa ya fara karɓar abinci, amma tarbiyyarsa ba ta kammala ba. A cikin 'yan'uwansa yake koyon iyakar cizo: ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan, shi kuma ya gane ya wuce gona da iri. A bar shi da uwarsa har mako 8. In kuwa an riga an kawo maka shi da wuri, ka san aikin da uwa da 'yan'uwa za su yi ya dawo kanka, sai ka ƙara haƙuri.

Sai batun likitan dabbobi, wanda da yawa ba sa nema sai cuta ta kwantar da ɗan kwikwiyon. Allurar rigakafi ta farko ana yin ta ne tsakanin mako 6 zuwa 8, a ci gaba da maimaitawa bayan kowane mako biyu zuwa huɗu har ya kai mako 16. Dalilin maimaitawar yana da muhimmanci, domin rashin saninsa ne ke sa mutane su tsaya a allura ɗaya. Kariyar da ya samu daga nonon farko na uwarsa tana iya hana allurar yin aiki, kuma babu wanda ya san takamaiman makon da za ta gushe a jikin kowane ɗan kwikwiyo. Shi ya sa ta ƙarshen ta fi kowacce tabbas. Cutar da likitoci ke kira farbo, ɗaya daga cikin waɗanda ake yin allurar dominsu, wadda ta bazu a duniya a 1978, tana zuwa da amai da gudawa mai jini da wari, ta busar da ɗan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Ƙwayarta tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba, kuma kana iya shigo da ita gida a tafin takalminka. Allurar ciwon haukan kare kuwa, daga mako 12 ake yin ta, kuma wannan kariyar gidanka ce baki ɗaya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu ta hanyar cizon kare. Maganin tsutsar ciki ma haka. Ɗan kwikwiyo yana ɗaukar tsutsa tun yana cikin uwarsa, ta nono ma tana shiga, don haka tun yana mako biyu ake fara ba shi magani, ana maimaitawa. In ka ga ciki ya kumbura alhali haƙarƙari a waje, ba ƙoshi ba ne.

To amma a nan ne masu kula sosai suke faɗawa wani ramin. Don tsoron cuta sai su kulle shi a ɗaki har wata huɗu, ba ya ganin kowa. Wasu kuma da gangan suke ɓoye shi, wai don ya tashi da zafi ya yi gadi. Wannan ne kuskuren da ya fi ba ni tausayi, domin shi ne mafi wuyar gyara. Tsakanin mako 3 zuwa kamar 14 akwai wata ƙofa a buɗe a ƙwaƙwalwar ɗan kwikwiyo. Duk abin da ya haɗu da shi lafiya a wannan lokaci, zai ɗauke shi abin duniya na yau da kullum. Abin da bai gani ba kuma, in ƙofar ta rufe, zai riƙa kallonsa da zargi. Masu bincike biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun yi shekaru suna nazarin wannan a Bar Harbor da ke jihar Maine ta Amurka, suka wallafa sakamakon a 1965. Daga cikin abin da aka gani a can, 'yan kwikwiyon da suka kai mako 14 ba su yi hulɗa da ɗan'adam ba sun tashi da tsoron mutane, tsoron da bai sake su ba. Karen da aka ɓoye ba jarumi yake zama ba, matsoraci ne, kuma matsoracin kare shi ne ke cizon yaron da ya zo wucewa.

Mafita ita ce a nuna masa duniya ba tare da an jefa shi cikin haɗari ba. Kafin alluransa su cika, ɗauke shi a hannu ka fita da shi, kada ka sauke shi inda karnukan da ba ka sani ba suke kashi. Ya ji ƙarar mota da ta babur daga nesa. Ya ga dogo da gajere, mai sanda, mai ɗauke da kaya, tsoho da yaro. Ya yi wasa da babban kare mai sanyin hali wanda ka tabbatar an yi masa rigakafi. Riƙa taɓa masa kunne da tafin ƙafa, kana buɗa bakinsa a hankali kana ba shi ɗan abin daɗi, domin ranar da za ka cire masa kaska ko likita zai duba shi kada a yi kokawa. Ka kuma lura da jikinsa. In ya ja baya, yana lashe hanci, yana hamma ba barci yake ji ba, to abin ya yi masa yawa. Matsa da shi nesa har ya saki jiki, kada ka tura shi gaba da sunan ya saba.

Kashi da fitsari a cikin ɗaki shi ne abin da ya fi gajiyar da mutane. Har yanzu akwai masu dangwala hancin ɗan kwikwiyo a cikin fitsarinsa. Abin da yake koya daga wannan shi ne kada ya yi a gabanka, sai ya koma bayan kujera. Ƙarshenta ka fita da shi waje ya ƙi yi, saboda kana tsaye. Mafitsararsa ƙarama ce. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne awa ɗaya ga kowane watan haihuwa, wato ɗan wata biyu da ƙyar ya riƙe fiye da awa biyu ko uku. Zaɓi wuri ɗaya. Kai shi can da zarar ya tashi daga barci, bayan ya ci ko ya sha, da bayan wasa. In ka ga ya bar abin da yake yi, ya sa hanci a ƙasa yana shinshina yana zagaye, kada ka tsaya kiran sunansa, sungume shi ka fita. Tsaya shiru har ya gama, sannan nan take ka yabe shi ka ba shi lada a wurin, ba sai kun koma ciki ba. Inda ya ɓata a ɗaki a wanke shi sosai, domin hancinsa yana jin abin da naka ba ya ji, kuma warin ne ke sake kiransa. A guji sinadarin wanki mai amoniya, warinsa kusa yake da na fitsari.

Cizon wasa ma ba mugunta ba ne. Da baki yake sanin duniya, ga shi kuma daga wata uku zuwa huɗu yana fara famfara: haƙoran yarinta 28 su zube, na girma 42 su fito, dasashi yana ta ƙaiƙayi har wajen wata shida ko bakwai. Kuskuren shi ne yin kokawa da shi da hannu yau ana dariya, gobe a mare shi don ya ja jini. Da zarar haƙori ya taɓa fata, tsayar da wasan, janye hannu, juya masa baya na ɗan lokaci, sannan ka miƙa masa abin taunawarsa. In cizon ya yi ƙamari da yamma, yana ta zabura kamar an kunna shi, sau da yawa gajiya ce. Ɗan kwikwiyo yana buƙatar barcin awa 18 zuwa 20 a rana, don haka a hana yara tashinsa in ya kwanta.

Za ka ji ana cewa sai ka danne shi a ƙasa, ka nuna masa kai ne shugaba, wai haka kyarketai suke yi. Asalin wannan magana nazari ne da aka yi kan kyarketan da aka tsare a wuri guda, waɗanda ba dangin juna ba ne. David Mech, masanin da ya taimaka wajen yaɗa ta a 1970, shi da kansa ya dawo a 1999 ya bayyana cewa garken kyarketai a daji iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Duka da dannewa suna sa kare ya yi shiru, amma shirun tsoro ne. Abin da na fi jin tsoro shi ne a hukunta shi don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, yana cewa a matsa masa. Wanda aka hana gargaɗi, wata rana zai ciji mutum ba sanarwa.

A abinci kurakuran sanannu ne. Madarar shanu takan sa shi gudawa. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soke hanji. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, inabi ɗanye ko busasshe yana iya kashe ƙoda, cakulan guba ne a gare shi, haka ma cingam mai sinadarin zaƙi da ake kira zailitol. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Sau huɗu a rana zai ci har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu, da ruwa mai tsabta kullum. In za a sauya masa abinci, a riƙa gauraya sabon da tsohon na kamar mako guda.

Akwai kuma rashin magana ɗaya a gida. Wannan ya bar shi ya hau kujera, wancan ya kore shi. Wannan ya ce "zauna", wancan ya ce "tsuguna". Yau yana ƙarami ya ɗafe ƙafarka ka shafa kansa, bayan wata biyar ya yi wa baƙo haka a ce ba shi da ladabi. Ku zauna ku tsayar da kalma ɗaya ga kowane umarni. Darasi kuma kada ya wuce minti uku zuwa biyar, sau da yawa a rana, a tashi tun bai gaji ba. Ka kuma koya masa zama shi kaɗai tun da wuri: ka fita minti ɗaya ka dawo, gobe minti biyar, kana bar masa abin taunawa. Wanda aka yi mako biyu ana manne da shi dare da rana, ranar da kowa ya fita aka bar shi zai wuni yana kuka yana tonon ƙofa.

Kalma ɗaya nake roƙon a kiyaye ta fiye da kowacce, ita ce "zo". Kada ka taɓa kiransa don ka yi masa faɗa, ko da ya ɓata maka rai kafin ya zo. Kada kuma kiran ya zama kullum alamar wasa ya ƙare za a ɗaure shi. Kira shi, ba shi lada, sake shi ya koma wasansa. In ya ƙi zuwa kada ka bi shi da gudu, zai ɗauka tsere kuke yi. Durƙusa ka kira shi da sakin murya, ko ka juya ka ruga wani gefen, za ka ga ya biyo ka.

Wajen wata shida zuwa sama, lokacin da ya fara balaga, za ka ga kamar duk abin da ka koya masa ya zube. Ka kira shi ya ɗago kai ya dube ka, ya mayar da hanci ƙasa. A wannan gaɓar ce mutane da yawa suke karaya su rabu da karensu. Darasin yana nan, hankalinsa ne ya rabu. Nemo doguwar igiya ka ɗaura masa, ku koma wurin da babu hayaniya, ka sa ladan da ya fi so a aljihu, ku sake farawa daga "zo" yana taku uku daga gare ka.