Yadda ake saƙa faifan kaba a Legas ba tare da ya yi fumfuna ba

Kaba ganyen goriba ce tun tana ƙarama, kuma daga Arewa take zuwa. A nan Legas a ba direbobin da ke sauke albasa da tumatir a kasuwar Mile 12 sautu, a ce su zaɓo wadda ta bushe ƙayau. Mai ɗigo-ɗigon baƙi ta riga ta sha ruwa a hanya, a bar ta.

A tanadi basilla, ƙaramar wuƙa da baho. A tsaga ganyen siri-siri, faɗin kamar milimita 3 zuwa 4, a ware masu kauri da tauri domin cikin faifai. Wadda za a yi ɗinki da ita kaɗai ake jiƙawa, minti 15 ya isa. A Kano ko Daura ana iya barinta ta daɗe a ruwa, iska za ta busar da ita. A Agege kuwa laima ta cika iska, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, kuma kabar da ta ƙoshi da ruwa a cikin saƙa take ruɓewa. Don haka a jiƙa wadda za ta isa aikin awa ɗaya kawai, a nannaɗe a ɗanyen ƙyalle. Ta ciki kada ta taɓa ruwa ko kaɗan.

A haɗa na ciki su kai kaurin fensir, a naɗe bakin, a lanƙwasa shi ya zama cibiya. Daga nan sai zagaye: a naɗo kabar a kan cikin, a soka basilla a gefen layin da ya gabata, a ja da ƙarfi daidai. Cikin zai riƙa sirancewa, a dinga cusa sabbin tsinke biyu-biyu. In an ja da yawa faifan zai kumbura kamar ƙwarya, in an sassauta ya yi laƙwas, ba zai yi bakace ba.

Ga rini, karan dafi da ɗan kanwa yana ba da ja mai kyau, kuma ya fi galura dacewa da abin da zai rufe fura. A tafasa kabar ɗinkin a ciki tun kafin a fara saƙa, a ɗauraye har ruwan ya fito fari.

Bayan an gama a shanya a rana kwana 2, ana juyawa. A rataye shi inda iska ke ratsawa, kada a ɗaure a leda.